Babi na Bakwai: Ƙyaure Ya Tafi, Ƙarfe Ya Zauna

Ina ɗan shekara goma ko sha ɗaya aka canza ƙyauren zauren gidanmu. Gara ta riga ta gama da shi ta ciki, saura ɓawo kawai, in ka danna da ɗan yatsa sai ya lotsa. Baffa ya aika aka kira kafinta. Mutumin ya zo da zarto da guduma a cikin tsohon buhu, ya ɗaga ƙyauren ya kwantar a ƙofar gida. Kafin ya ko kalli sabon katakon da aka sayo, sai ya durƙusa a kan tsohon. Ya zare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, ya ɓamɓare hinji biyu masu dogon harshe, ya kankare tsatsarsu da bakin wuƙa, ya shafa musu baƙin mai. Ƙusoshin ma bai ƙyale su ba. Ya riƙa ɗora kowace a kan dutse yana ƙwanƙwasawa har ta miƙe.

"Malam, ba sababbi za ka sa mana ba?" in ji Baffa.

"Alhaji, ai irin waɗannan ba a samun su a kasuwa yanzu. Ƙirar hannu ce. Sai sun ga bayan ƙyaure uku."

Da yamma tsohon ƙyauren ya shiga murhu, da shi aka tuƙa tuwon dare. Hinjin kuwa suka koma bakin aikinsu a jikin sabon katako, kamar ba abin da ya faru.

Abin da kafintan nan ya yi shi ne abin da kafintoci da maƙera suka yi ta yi a ko'ina, tun ranar da aka fara ƙera ƙarfe. Ba a yar da ƙarfe. Saboda haka duk ranar da mai tonon kufai ya ci karo da hinjin ƙofa a ƙarƙashin ƙasa, akwai tambayar da ya kamata ta riga kowace zuwa bakinsa: me ya hana a ɗauke shi? Ruwa ba ya tsami banza. Ko dai gobara ce ta danne gidan, ko masu gidan sun fita a guje, ko hinjin ya karye har ba ya gyaruwa, ko kuma wani ne ya binne shi da gangan.

Mafi yawan abin da zan faɗa a nan daga Ingila ne, don a can an daɗe ana tono ana rubutawa, kuma a can ne ake da ƙyamaren da suka kusa shekara dubu suna rataye har yau, waɗanda za a iya gwada abin da ya fito daga rami da su.

Wanda ya ji an ce an tono hinji sai ya zaci abu ne mai kama da hinji. Ina! Abin da ke fitowa curi ne ja-ja baƙi-baƙi, kamar rogon da ya kwana cikin toka, yashi da tsakuwa sun manne a jikinsa. Ƙarfe in ya yi tsatsa kumbura yake yi, ya haɗiye duk abin da ke kusa da shi. Kana iya riƙe wuƙa ko makulli ko hinji a hannunka ba ka san wanne ka riƙe ba. Shi ya sa a wuraren tono na can, kayan ƙarfe ba a wanke su da ruwa kamar yadda ake wanke katangar tukunya. Sai a kai su ɗakin gwaji a ɗauke su hoto da irin na'urar da ake ɗaukar hoton ƙashi a asibiti. A jikin hoton ne abin ke bayyana: ga dogon harshen nan, ga hudojin ƙusa uku ko huɗu a jere, ga inda maƙeri ya naɗe ƙarshen ya yi zobe. Wani lokaci ma ƙarfen ya riga ya ƙare ƙaf, ba abin da ya rage sai kogo a cikin tsatsa mai siffar abin da ya taɓa zama a wurin, kamar sawun ƙafa a laka.

Hinjin da aka fi samu gida biyu ne, bari in kira su namiji da mace. Namijin ƙarfe ne da aka lanƙwasa kamar gwiwar hannu: hannu ɗaya ya shige jikin gini, ɗayan ya tsaya tsaye kamar ɗan yatsa. Macen ita ce doguwar falle da ake kafewa a jikin ƙyaure, da zobe a ƙarshenta. A ɗaga ƙyaure a zura zoben a kan yatsan, nauyinsa ne zai riƙe shi. Daga namijin kaɗai ana iya sanin irin ginin. In hannun da ke shiga bango mai tsini ne kamar ƙusa, to a jikin katako aka buga shi. In kuwa ƙarshensa a tsage yake ko an murɗe shi, a cikin ginin dutse aka dasa shi, aka cika da kwaɓi ko aka narka dalma aka zuba don ya kama. Ga kuma kafaɗar da zoben ke zama a kai. Wata za ka gan ta ta side ta yi kwari, shekara da shekaru ana buɗewa ana rufewa. Wata kuwa kamar jiya aka ƙera ta.

Ni dai abin da ya fi burge ni a wannan sana'a duka shi ne karatun ƙusa. Maƙerin da ba shi da sukurori, in zai kafe hinji sai ya buga ƙusa ta ratsa ƙarfen, ta ratsa katakon, ta ɓullo ta baya, sannan ya lanƙwasa tsininta ya kwantar don kada ta zare. Shekara ɗari takwas bayan haka katakon ya zama ƙasa, amma ƙusar tana nan a maƙale da hinjin, da lanƙwasarta. Sai a ɗauko ma'auni a gwada daga cikin hinjin zuwa inda ƙusar ta karya kwana. Abin da aka samu shi ne kaurin katakon da ba wanda zai sake gani. In ɗan siriri ne, wataƙila murfin akwati ne ko ƙyauren taga. In ya kai kaurin yatsu uku, ƙyauren ɗaki ne ko na waje. Wannan bambancin ba ƙarami ba ne, don hinjin akwati da na ƙofa sau da yawa kamanninsu ɗaya, kuma ƙusar ce kan raba gardama. Har wa yau, tsatsa tana da wata ɗabi'a: kafin katakon ya ruɓe, takan shiga cikin jijiyoyinsa ta daskare. Sai a samu zanen itacen kwance a bayan hinjin, a ga ko katakon a tsaye yake ko a gicciye, wani lokaci har a duba da madubin ƙara girma a gane irin itacen.

Sai dai abin tausayi, ƙarfen da ya yi shekara dubu a ƙasa lafiya lau, ranar da aka fito da shi ranar yake soma mutuwa ta biyu. Gishirin ƙasa ya riga ya shige shi. Da ya shaƙi iska mai laima sai ya fara tsattsafo da wani ruwa ja kamar hawaye, ya tsattsage, ya riƙa zubar da ɓawo. Maganin shi ne a rufe shi a akwatin roba marar shigar iska, tare da ƙwayoyin nan masu tsotse laima, irin waɗanda ake samu a ɗan ƙunshi cikin kwalin sabon takalmi, a riƙe laimar ƙasa da kashi 15 cikin 100. A ɗakunan ajiya na gidajen tarihi, akwatunan nan ne jere a kan kanta, ba mai zuwa kallonsu.

To, amma ƙofa ta girmi hinji nesa ba kusa ba.

Manyan ƙofofin duniyar da, a kan dunduniya suke juyawa. Ana barin gefe ɗaya na ƙyauren ya zarce sama da ƙasa. Na ƙasa ya zauna cikin ɗan rami a jikin dutse kamar taɓarya a turmi, na sama ya shige huda a jikin gungumen da ke bisa ƙofar. Wanda ya taɓa ganin tsohon ƙyauren zaure na gargajiya ya san wannan dabara. A 1878 Hormuzd Rassam, ɗan asalin Mosul, ya tono a Balawat ta ƙasar Iraƙi faifan tagulla da suka yi wa ƙofar Sarki Shalmaneser na Uku ɗamara, sarkin Assuriya da ya yi mulki daga 858 zuwa 824 kafin haihuwar Annabi Isa. Katakon ya daɗe da ruɓewa, amma faifan sun nuna ƙyamaren sun doshi mita bakwai, kuma a kan irin wannan dunduniya suke juyawa. Nauyi irin wannan ba hinjin da zai ɗauka. Ƙasa ce kawai ke iya ɗaukarsa.

Rumawa ma haka suka yi a manyan ƙofofinsu, sai dai sukan sa wa dunduniyar takalmin ƙarfe, su sa wa turmin ma zobe. A arewacin Ingila, a kan ganuwar da Sarki Hadriyan ya sa aka fara ginawa a shekara ta 122, akwai sansanin soja da ake kira Housesteads. Har yau in ka tsaya a ƙofofinsa za ka ga ramukan dunduniya a jikin dutse, a ƙofar gabas kuma ga kwarin da ƙafafun amalanke suka ci a dokin ƙofa. A sansanin Chesters da ke kusa, da aka buɗe ɗakin ajiyar kuɗin sojoji na ƙarƙashin ƙasa a farkon ƙarni na 19, an tarar da ƙyaurensa na itacen ok a wurinsa, da ƙarafunansa, amma bai jima da ganin iska ba ya wargaje. A wannan karon ƙasa ta miƙo ƙyaure sukutum, amma ba a san yadda za a karɓa ba.

Sunan wannan dunduniya a harshen Latin shi ne "cardo", kuma daga nan aka samo sunan Kadinal na cocin Katolika, wato mutumin da al'amura ke juyawa a kansa. Rumawa har wata allahiya suka ware wa abin, mai suna Cardea. Ogastin, babban malamin Kirista na garin Hippo da ke Aljeriya ta yau, ya yi musu dariya a kan haka: ya ce mutum in yana son a tsare masa ƙofa mai gadi ɗaya yake ɗauka ya wadatar, amma su sai da suka raba aikin ga alloli uku, ɗaya na ƙyaure, ɗaya na dunduniya, ɗaya na dokin ƙofa.

Masana kufai su ma sun sha dariya a kan hinji. An daɗe ana tono wasu gutsattsarin ƙashi a garuruwan Rumawa, masu kogo kamar kara, da huda a gefe. Aka yi ta rubuta su a matsayin guntayen sarewa. Sai a Pompei, garin da dutse mai aman wuta ya binne a shekara ta 79, aka warware zancen. Tun 1863 Giuseppe Fiorelli ya fito da dabarar ɗura filasta a cikin kogon da gawa ta bari a toka. Da aka yi wa kayan katako irin wannan, sai ga ƙyamare da kabad-kabad sun fito da siffarsu, ga 'yan ƙasusuwan nan jere a gefen ƙyauren kabad, ɗaya bisa ɗaya. Ashe sarewar hinji ce.

Mu koma ga tambayarmu ta farko. Kafin ƙarshen ƙarni na 15, lokacin da manyan tanderun narka ƙarfe suka iso Ingila, kowane guntun ƙarfe sai an sha wuya kafin a same shi. A haƙo tama, a sare itace a ƙona gawayi, a gina tanderu na laka, a yini ana zuga, sannan a fito da wani dunƙule mai kama da soso, rabi ƙarfe rabi kashin tama. A mai da shi wuta a yi ta duka da masaba har dattin ya fita. Wanda ya san wannan wahala ba zai bar hinji a jikin kangon gida ba.

Ba inda aka ga darajar ƙarfe ƙuru-ƙuru kamar Inchtuthil a ƙasar Sikotilan. Wajen shekara ta 83 sojojin Rum suka fara gina wani ƙaton sansani a wurin, a zamanin gwamna Agricola. Ba su ma gama ba aka ce su janye, wajen 86 ko 87. Ba su tafi sun bar shi tsaye ba: sai da suka kwance ginin. Abin da ya fi ƙarfin amalankensu kuwa suka haƙa rami mai zurfi a cikin maƙerar sansanin suka zuba, suka rufe, suka daɓe. A 1960 masu tono ƙarƙashin jagorancin Ian Richmond suka faɗa wa ramin. Ƙusoshi ne fiye da 875,000, galibinsu ba a taɓa bugawa ba. Na gefe sun yi tsatsa sun dunƙule sun zama kamar tukunya, na tsakiya suka tsira da kaifinsu. Bayanin da aka fi yarda da shi shi ne an ɓoye su ne don kada mutanen ƙasar su samu su mai da su masu da takubba. Rundunar da ta tsaya binne ƙusa don gudun kada ta faɗa hannun abokan gaba, ka san ba za ta bar hinji a bango ba.

Shekara dubu da ɗari huɗu da ɗoriya bayan haka aka sake yin irinta da wani salo. Tsakanin 1536 da 1540 Sarki Henri na Takwas ya rufe gidajen zuhudu na Ingila, aka kwashe dalmar rufi, aka sauke ƙararrawa, aka sayar da duk abin da zai sayu. Wanda ya zagaya kangayen nan yau zai riƙa ganin wani abu a gefen ƙofofi: rami a jikin dutse, an farfasa bakinsa, daidai inda namijin hinji ya taɓa zama. Wani ya zo da kurfi ya ƙwaƙule shi, ya haɗa da dalmar da ta riƙe shi. A irin wannan wuri ramin ne shaidar. Daga shi ake sanin ta wane gefe aka rataya ƙyauren, da hinji nawa, da tsayinsa.

Inda ƙarfe ke tsira kuwa, galibi inda mutane ba su tsira da komai ba ne. Wuta abokiyar mai tono ce, ko da yake ba daɗin faɗi. Rufi ya rufto a kan ƙofa, ba mai komawa ya tona, kuma zafin kan yi wa ƙarfen wani baƙin ɓawo da ke rage masa cin tsatsa. A ƙarƙashin Landan da Colchester akwai wata shimfiɗar jar ƙasa ƙonanniya daga shekara ta 60 ko 61, lokacin da sarauniya Boudica ta tayar wa Rumawa ta cinna wa garuruwan wuta. A irin wannan shimfiɗa, in an yi sa'a, akan tarar da kayan ƙofa kwance yadda ƙyauren ya faɗi, hinji nan, sakata can, ƙusoshi a layi, sai a zana su a takarda ƙyauren ya fito da kansa.

Ruwa ma yakan yi wannan alheri. A birnin Yok, daga 1976 zuwa 1981, an yi tono a wani titi mai suna Coppergate, inda aka samu unguwar masu sana'a ta zamanin Baikin, mayaƙan tekun nan na arewacin Turai da suka ci garin a 866. Ƙasar wurin jiƙe take sharkaf, ba iska a cikinta, don haka har katakon bango da takalman fata da tsummoki sun tsira. Ƙarfen ya fito da siffarsa, wani da ɗan shuɗi-shuɗi a jiki maimakon jar tsatsa. A cikin dubban kayan ƙarfen da Patrick Ottaway ya yi nazari akwai hinji iri-iri, na ƙofa da na akwati, tare da makullai da kwaɗuna. Yawan abin kullewa a unguwar talakawa masu sana'a yana faɗin wani abu game da zaman birni: baƙi sun yi yawa, kuma kowa yana da ɗan abin da yake tsoron a ɗauka. Kayan aikin da suka ƙera irin waɗannan ma an same su, amma a wata ƙasa. A 1936 wani manomi mai suna Hugo Kraft yana huɗa a tsibirin Gotland na Suwidin, garmarsa ta kamo wani akwatin katako ɗaure da sarƙa, da hinjinsa da makullinsa. A ciki da kewayensa akwai kaya fiye da 200: masaba, awartaki, zarto, magagari, har da ƙarfe mai hudoji na yi wa ƙusa kai. Duk maƙerin da aka nuna wa hoton kayan nan zai kira maka sunan kusan kowanne.

Nan ne kuma matsalar take. Kayan aikin ba su canza ba, hinjin ma bai canza ba. Namijin hinji na zamanin Rumawa da na ƙarni na 13 da na ƙarni na 17, in aka jera maka su a faranti, ba za ka raba su ba. Tukunya tana bin yayi, kuɗi yana ɗauke da sunan sarki, amma hinji ya samu siffar da ta yi masa tun da wuri ya zauna a kanta. Sai a ƙarshen ƙarni na 18, da aka fara zubin hinji a masana'anta, sannan aka samu iyaka bayyananniya. Don haka shekarunsa daga maƙwabtansa ake karanta su: shimfiɗar ƙasar da ya kwanta a ciki, katangar tukunyar da ke gefensa, kuɗin da ke ƙarƙashinsa. Kuma ko wannan ranar binne shi kawai yake faɗa. In mun tuna da maganar kafintanmu, ranar ƙera shi tana iya kasancewa ƙyaure uku baya.

Inda ake samun sauƙi shi ne hinji mai ado, kuma ado a ƙofofin coci yake. A ƙarni na 12 maƙeran Ingila sun so hinji mai siffar jinjirin wata, da rassa masu naɗewa. A ƙofar cocin Stillingfleet kusa da Yok har da jirgin ruwa aka ƙera da ƙarfe aka kafe. A Faris, adon ƙarfen ƙofofin Notre-Dame ya kai inda mutane suka ƙi yarda hannun ɗan Adam ne, suka ce maƙerin, wai shi Biscornet, da Shaiɗan ya haɗa baki. Bahaushe ba zai yi mamakin wannan ba. Mu ma ba mu taɓa yarda maƙeri da wutarsa kaɗai yake aiki ba.

Irin waɗannan ƙofofi da ba su taɓa shiga ƙasa ba su ne ma'aunin na cikin ƙasa, don katakonsu yana nan, kuma katako yana faɗin shekarunsa. Itace yana ƙara zobe ɗaya kowace shekara, mai kauri a shekarar albarka, siriri a shekarar wuya, kuma masana sun haɗa jerin zoben itacen ok na Ingila na ɗaruruwan shekaru. A 2005 aka gwada wani ƙyaure marar kwarjini a cocin Westminster da ke Landan, falle biyar na katako, tsayinsa ƙafa shida da rabi, faɗinsa huɗu. Aka gano an sare itacen bayan 1032, an yi ƙyauren a shekarun 1050, zamanin Sarki Edward. Da aka sake ginin wajen 1250, ba a yar da shi ba: aka rage masa tsayi aka rataya shi a wata ƙofar. Ashe ba ƙarfe kaɗai ake yi wa haka ba.

Sa'ansa yana wani ƙauye mai suna Hadstock a yankin Essex, a ƙofar arewa ta cocin garin, shi ma na tsakiyar ƙarni na 11. Wannan ƙyaure yana da labari. A ƙarƙashin ƙarafunansa, inda hannu ba ya kaiwa kuma ruwan sama ba ya shiga, an samu guntayen busasshiyar fata. Mutanen garin suka gaji zancen daga kakanni cewa fatar wani ɗan Danmak ce, ɗan fashi, da aka kama yana satar kayan coci, aka feɗe shi aka kafe fatar a ƙofa don ta zama ishara. Ba Hadstock kaɗai ba. A 1661 Samuel Pepys, ma'aikacin gwamnatin nan da ya shahara da rubuta abin da ya gani kullum, ya je babban cocin Rochester aka nuna masa ƙofofi aka ce masa fatun 'yan Danmak ne a jikinsu. A ƙarni na 19 har an duba guntun fatar Hadstock da madubin ƙara girma aka yanke cewa ta mutum ce. Zancen ya zauna daram, ga al'ada ga kuma hatimin ilimi.

A 2022 aka bayyana sakamakon wani gwaji daga jami'ar Cambridge, wanda ke duba sinadarin da fata ta ƙunsa, don na kowace dabba da ɗan bambancinsa. Fatar Hadstock ta saniya ce.

Abin da ya faru a fili yake. Masu yin ƙyauren sun lulluɓe katakon da fata tukuna, don ta toshe tsagogi ta tare iska da ruwa, sannan suka kafe ƙarfe a kai. Shekaru suka cinye duk fatar da ke sarari, sai wadda hinji ya danne. Waɗanda suka zo daga baya ba su taɓa ganin ƙyaure mai riga ba, suka ga 'yar fata a maƙale ƙarƙashin ƙarfe, suka nemo mata labarin da ya fi daɗin faɗi da dare. Da sun tambayi Bakano da ya rage musu hanya. Lokacin da matafiyin nan Hugh Clapperton ya shiga Kano a 1824, ya rubuta cewa ƙyamaren ƙofofin ganuwa na katako ne da aka lulluɓe da fallen ƙarfe, ana buɗe su da fitowar rana a rufe da faɗuwarta. Bayan Turawa sun ci garin a watan Fabrairun 1903 kuma, rahoton Gwamna Lugga ya ambaci ƙyamaren fatar shanu a ƙofofin. Katako, fata, ƙarfe: kayan haɗin ɗaya ne, ko a Essex ko a bakin badala. Wasu daga cikin tsofaffin ƙyamaren Kano masu rigar ƙarfe suna Gidan Makama, kuma wanda ya je zai yi kyau ya bar kallon gabansu ya leƙa gefe, ya ga a kan me suke juyawa.

Guntun fatar Hadstock yana gidan tarihi na Saffron Walden, garin da ke kusa. Ƙyauren kuwa yana nan a ƙofarsa, masu zuwa ibada suna tura shi su shiga.